Na Ce wa Tsoho Na Rubuta, Alhali Ban Rubuta Ba

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku sassauta mini a wajen sharhi, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Kwana huɗu ke nan ko wayata ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, ina da aure da yara biyu. Bana na samu aikin wucin gadi na binciken yadda gidaje ke kashe kuɗi. Gida-gida muke bi da kwamfutar hannu muna tambaya: mudu nawa na shinkafa kuka ci a mako, nawa kuka sayi gawayi, nawa ya tafi a magani. A ƙarshen fom ɗin akwai sashen filaye da gonaki. A wurin horo an nanata mana cewa ba a rubuta gona a matsayin mallakar gida sai idan wani cikin masu cin tukunya ɗaya a gidan yana da ikon sayar da ita ko barin ta gado. A baki abin da sauƙi. Amma ku da kuka san birni, wace gona ce ba ta da labari? Wannan ta kaka ce ba a raba ba, waccan aro ce tun ba a haife ni ba. Kuma da ka danna "ba ta gidan ba ce" sai tambayoyi su yi ta ɓullowa, ta wane ne, yaushe aka karɓa, me ake ba mai ita, kafin ka ankara ka ƙara rabin awa. Ga sufabaiza yana jiran a cika masa gidajen ranar kafin magariba.

Gidan ƙarshe da na shiga a wata Talata yana wajen Ƙofar Galadima. Mai gidan tsoho ne, malami, na same shi kishingiɗe kan buzu a zaure, ƙafafunsa a kumbure. Matarsa, Inna, ita ta amsa tambayoyin cefane sannan ta shige ciki. Na ce, "Baba, akwai gona?" Ya ce akwai wadda suke nomawa a bayan Kufena. Na ce, "Taku ce?" Sai ya yunƙura ya tashi zaune. Ya ce, "Yauwa 'yata, dama irinku nake jira. Ba tawa ba ce." Ya ce ta wani amininsa ce, Kirista, malamin makaranta a Wusasa. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya damƙa masa ita, ya ce ya noma ya ci, in 'yarsa ta girma ya ba ta. Aminin ya rasu a can. 'Yar ta dawo Wusasa tana koyarwa, kuma ya sha cewa ta karɓi abinta, sai ta ce, "Baba, ai tana hannun uba, ku ci gaba." Babu takarda ko ɗaya a tsakaninsu, sai buhun masara da yake aika mata duk kaka. Ya ce, "'Ya'yana sun buɗe ido sun ga ina nomawa, in na faɗa musu sai su ce tsufa ne. Ki rubuta wa gwamnati, 'yata. In ya shiga takarda ba mai musu."

Me ya hana ni gaya masa cewa mu ba ofishin filaye ba ne, lissafi kawai ake haɗawa, ko sunansa ma ba zai fito ba? Wallahi ban sani ba. A'a, ƙarya nake, na sani. La'asar ta yi sanyi, cajin na'urar ya kusa ƙarewa, yarana suna gidan maƙwabta, ni kuma na gaji da dogayen labarai na tsofaffi. Na ce a raina shekara da shekaru yana nomawa, me ya rage? Na danna "mallakar gida", fom ya rufe. Ya ce, "Kin rubuta?" Na ce, "Na rubuta, Baba." Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo, har da Allah Ya ba ni 'ya'ya masu riƙon amana. Da wannan bakin nawa na ce amin.

Bayan mako biyar ya rasu. Ban ma ji ba sai da Inna ta aiko ƙanwarta, da yake ita tana takaba, ta yi ta tambaya a unguwa har ta gano gidanmu. Ta ce an zauna maganar gado, Inna ta ce a cire gonar Kufena, 'ya'yan suka ce ba su san zancen ba. Har wani dillali ya riga ya je ya zagaya ta, yana lissafin fuloti nawa za a yanka. Malamar Wusasa kuwa ta zo ta'aziyya ta yi kukanta ta tafi, ko kalma ba ta ce a kan gona ba. Ƙanwar ta ce, "Malam ya ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ya gaya wa yarinyar gwamnati, an rubuta. Shi ya sa ya tafi hankalinsa kwance." Na yi murmushi na ce to, na raka ta har ƙofa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne kiran babban ɗansa shekaranjiya. Na ɗauka faɗa zai yi, da ma faɗan ya yi. Cikin ladabi ya ce, "Malama, mu ba azzalumai ba ne. Mun yi alkawari a gaban liman da mai unguwa, duk abin da Baba ya faɗa aka rubuta, shi za mu bi. In ya ce ba tasa ba ce, wallahi ko zangarniya ɗaya ba ma so. Ki taho mana da shi kawai."

In taho da me? Fom ɗin tun a ranar ya tafi ofis, ba ni da ikon gyara shi. Na sa hannu cewa ba zan fitar da bayanan kowane gida ba. In na je wa sufabaiza, sai na faɗa masa da bakina cewa na cika ƙarya, kuma daga ranar na gama samun irin wannan aiki. Ko an yi abin da ba a yi an buɗe musu fom ɗin, abin da za su gani shi ne Baba ya ce gonar tasa ce, su sayar da zuciya ɗaya suna ganin sun bi maganar ubansu. In kuma na ce musu da baki ya faɗa mini amma na rubuta akasi, wa zai karɓi shaidar wadda ta amsa cewa ta yi wa tsoho ƙarya ido da ido? Ba za su ce Inna ce ta haɗa baki da ni ba? Mijina bai sani ba, kuma a masallaci ɗaya suke Juma'a da babban ɗan.

Tsoro nake ji, Anti. Ina tsoron kunya a birnin da kowa ya san gidan kowa, amma na fi tsoron ranar da za a tambayi bawan Allah nan amanar amininsa, ya juyo ya nuna ni.

Ranar Asabar bayan la'asar za su zauna a wannan zauren, kuma sun aika wa malamar Wusasa ta zo ta ji abin da aka rubuta. Don Allah ku gaya mini, me zan yi?