Hannun Majemi a Sabha

Sabha, Libiya, 1976

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da Safoura.

Na bar aikin gini, ciwon baya ya ɗan matsa mini, amma da sauƙi. Yanzu ina gidan da ake cusa wa fatun namun daji abu a ciki, a tsayar da su kamar masu rai don mutane su gani. Shugabanmu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mai kamo mana macizai kuwa da can raƙuma yake kiwo. Da shugaban ya ga yadda na feɗe barewa, ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce, "Babana, majemi ne." Ya ce in gaishe ka.

Baba, ka yafe mini gudun majema da na riƙa yi. A aiko mini da bagaruwa, maganin jimarsu na nan yana cin hannu.

Ɗanka,
Tahirou