Hayaniyar Gidanmu da Sirrin Jan Ƙarfe

Zuwa ga farin watana, sanyin idaniyata, ruwan farkon damina da ya sauka a busasshiyar zuciyata. Gaisuwa gare ki, sarauniyar keken ɗinki!

Kin tuna ranar da wutar shagonki ta ɗauke, aka kira ni gyara? Ina durƙushe gaban soket, filaya a hannu, ina fere wayar, kika leƙo kina tambayar me ke gudu a cikin wannan jan ƙarfen. Don in burge ki na ce wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ilektiron, kuma ba sa ga maciji da juna, kowace ture 'yar'uwarta take yi. Kika yi dariya kika ce to yaya maƙiya za su haɗu su juya miki keke? Wallahi na san amsar, amma idanunki suka kwashe min ita, na tsaya ina murɗa abin da na riga na murɗa.

Yau amsar ta zama dole. Tun da kika zo gaida Inna ba ki ƙara ɗaga kirana ba, kuma na san dalili. Kin tarar da Goggo tana cewa a kashe fanka za ta sa mata mura, Kawu yana rantsuwa idan aka kashe zai narke, Yaya da auta suna faɗa a kan kujera ɗaya alhali ga wasu a ajiye. Na ga kin ajiye kofin lemonki ko rabi ba ki sha ba. Tsoro kike kada ki shigo gidan da ba a jituwa, ko ba haka ba?

To saurara, abar ƙaunata. Ƙwayoyin nan suna ture juna, gaskiya ne, amma jikin ƙarfen yana janyo kowace gare shi, janyowar ta shanye turewar. Shi ya sa ba sa watsewa, suna ta kai da komo a gida ɗaya. Da an danna makunni sai su fuskanci hanya guda, wannan ta ingiza waccan, waccan ta ingiza ta gaba. Kowace tafiyar hawainiya take yi, amma kafin ki ƙifta ido fitila ta kama.

Inna ce jan ƙarfen gidanmu. Kina fita ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Yarinyar nan tawa ce. Duk wanda ya kore min ita da bakinsa, ya nemi inda zai riƙa cin abinci."

Ba zan yi miki ƙarya in ce sun daina faɗa ba, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai dai yanzu a kan ɗakin amarcinki suke yi. Goggo ta hau tsani tana fenti, Kawu na riƙe mata shi da hannu biyu yana kushe launin. Kuma Goggon nan da ta tsani fanka, ita ta tsare ni sai na ɗaura miki sabuwa, wai ta ga kina share zufa a ɓoye.

Ina zan sa kaina idan ba ki dawo ba? Wa zai ƙara yi min tambayar da za ta sa in manta sana'ata? Kewarki ta hana ni sakat, jiya har sai da mai gidan da nake wa aiki ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Na gama wayarin ɗakin da hannuna, na ɗaura ƙwan fitila, amma ko gwadawa ban yi ba. Inna ta hana kowa taɓa makunnin, ta ce yatsanki ne zai fara danna shi. A kan wannan kaɗai, karon farko a tarihin gidanmu, babu wanda ya yi musu.

Ki zo ki kunna mana.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Mai gyaran wutarki