Gilashin da zan iya da shi ni kaɗai

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu, amin. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata ta yi sauƙi, Gwaggonki kuma ta koma gidanta makon jiya, bayan ta gama wanke ni tas a kan kwanukan da na tara. Na ce "mu", amma ke ma kin san daga ni sai agogon bango.

Sai maganar gilashin kyamara. Na ga hoton wanda kika zaɓa mini, babban nan mai milimita ɗari shida, wanda kika ce da shi har gashin idon tsuntsu zan ƙirga daga tsallaken tafki. Allah ya yi miki albarka. Na san ba hoto ne ya dame ki ba, so kike in riƙa fita, domin tun rasuwar Mamanku, wata goma sha ɗaya ke nan, ban taka bakin tafkin ba. Ni ma abin yana cin raina. Tsorona in shekara ta cika ban koma ba, to na daina ke nan har abada.

Ranar Talata na je shagon Mai Kyamara don in ga irinsa da idona. Ya ciro shi da hannu biyu, wani ƙato kamar turmi, ya ɗora a kan sanda mai ƙafa uku a bakin ƙofa, ya nuna mini wata kurciya a kan wayar lantarki, ya ce in gwada. Na kafa ido, ban ga komai ba sai sama fetal. Na karkata hagu, na karkata dama, babu kurciya babu dalilinta. Abin da ba ki sani ba, iya tsawon gilashi iya ƙuncin abin da yake gani. Ni kuwa shekara ashirin da huɗu ban taɓa neman tsuntsu da kaina ba. Mamanku ce ke tsayawa a haguna da madubin hangen nesa, tana raɗa mini in yi sama kaɗan, reshe na biyu, ya juyo, in danna. Jama'a na ta yabon kaifin idona, ni kuma ina karɓar yabon ko kunya babu. To a shagon nan, ban san lokacin da bakina ya kira ta da sunan da nake kiranta ba, na tambaye ta ina kurciyar ta yi. Mai Kyamara ya zaci da shi nake, ya ce ai ta daɗe da tashi. Sai na nemi bencinsa na zauna.

Mutumin kirki ne, bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauko wani ɗan madaidaici, mai tafiya daga milimita ɗari zuwa ɗari huɗu, wanda ake riƙewa a hannu. Ya ce da wannan sai ka fara ganin bishiyar gaba ɗaya, ka nemo tsuntsunka, sannan ka murɗa ka jawo shi kusa. Bai ɓoye mini aibinsa ba: yana son haske, kuma ba ya kai nisan babban, dole ƙafata ta cika sauran. Ya ba ni aro na mako guda.

Washegari da hantsi na tafi tafkin. Na sami zalɓe yana kiwo a cikin ciyawa. Sau uku ina ɓatar da shi, na huɗu na kama shi, bayan na shiga taɓo har idon sawu. Murna ta sa na juya fuskar kyamarar hagu don a gani, sai iska. Na yi kuka a wurin, Uwata, ba zan ɓoye miki ba. Amma na zauna har azahar, kuma jibi zan koma.

Saboda haka ki yi haƙuri, kada ki sayi babban. Na mutum biyu ne, ni kuwa yanzu ɗaya ne. Ƙaramin nake so, kuma kada ki ɗauka na raina kyautarki.

Ga hoton zalɓen na sa a cikin takardar. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau, don tausayina ake ji. Mamanku da ta gani, da tuni ta ce na yanke masa ƙafa ko ruwan ya karkace. Ki zauna ki dube shi da kyau, ki rubuto mini aibinsa. Na san yana nan, mai nuna mini ne babu.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan 'yan biyu. In kun yi waya da Yayanki Likita da Auta, ki ce ina gaishe su, kuma ba a hana kiran tsoho ba. Gwaggonki tana gaishe ku. Allah ya tsare mini ku.

Ni ne mahaifinki,
Baba.