Addu'ar da Na Yi wa Ulemu

Litinin, 5 ga Mayu

Kawunnan ɓangare biyu sun sa ranar baikon ɗana Limbani da Ulemu: Asabar ta ƙarshe a Yuni. Na ware jan zakaran da za mu miƙa wa danginta, su kuma su ba mu kaza, yadda aka saba. Yarinyar tana da ladabi, har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni. Amma tun hatsarin motar hayar nan na bara a hanyar Blantyre take ɗingishi, kuma na ji an yi mata aiki a ƙugu. Ƙugun mace ba wurin wasa ba ne. Ɗa namiji ɗaya gare ni.

Laraba, 7 ga Mayu

Ashe amsar tana cikin gidana. Ofishin lauyoyin da 'yata Tiyamike take aiki, su ne ke nema wa Ulemu diyya wajen kamfanin inshora. Limbani ne ya faɗa muna cin tuwo. Duk takardun asibitinta suna can, Tiyamike kuwa ita ke riƙe da makullin kabad ɗin da ake ajiye su.

Na bari ya fita, na tambaye ta abu ɗaya: yarinyar nan za ta haihu ko ba za ta haihu ba?

Ta ce, "Mama, ko mura ce a ciki ba zan faɗa ba."

Na ce ni na haife ta. Ta ce, "Shi ya sa nake jin nauyinki. Amma Ulemu ta sa hannu ne don lauya ya gani, da likita, da alƙali. Ba ta sa wa suruka hannu ba."

Da ɗinki na biya kuɗin makarantar yarinyar nan bayan rasuwar babanta. Yau ita ke koya mini sa hannu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Tiyamike ta je ta gaya wa shugabarta, Lauya Kalua, cewa Ulemu za ta zama matar ƙanenta, a cire hannunta daga aikin takardun Ulemu. An cire ta. Wai dokar ofis ce, ba ka taɓa takardun wanda ya shafe ka. Ni dai abin da na gani shi ne 'ya ta kai ƙarar uwarta wajen bare.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ba ta zauna kusa da ni a coci ba. Ko kuwa ni ce ban matsa mata ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Taron addu'ar matan coci. Tun ina amarya haka muke yi: mu durƙusa a zagaye cikin fararen rigunanmu, kowa ta ambaci maras lafiyarta da sunansa da sunan cutarsa. Wanda ya ɓoye ciwo ya ɓoye magani. Da aka zo kaina na ce, "Ubangiji, ka taɓa mahaifar baiwarka Ulemu, wadda hatsari ya taɓa." Amin ɗin ya yi ƙarfi, musamman na ƙawata Nachisale. Na dawo gida zuciyata wasai. Abin da 'ya ta hana ka, sai ka kai wa Allah.

Asabar, 17 ga Mayu

Nachisale ta tare ni wajen masu kifi a kasuwa. "Maman Limbani, ashe haka abin yake? To, tunda 'yarki ce mai makulli, ai magana ta tabbata." Ina duba kifi, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Shiru ba ƙarya ba ne.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ban je taro ba.

Jiya kawun Ulemu ya je ofishin lauyoyin da sandarsa. Magana ta zaga garinmu Zomba cewa an cire wa yarinyar mahaifa, kuma daga ofishin aka ji. An dakatar da Tiyamike har a gama bincike, an karɓe makullin. Kawun ya aiko mana cewa a dakata da zancen baiko.

Ni ban ce an cire ba. Cewa na yi an taɓa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Limbani ya tsaya a ƙofar ɗakin girki ya ce, "Mama, Allah kurma ne, da sai mata talatin sun taya shi ji?" Da yana ƙarami da ya sha muciya. Yaran yanzu ba su san girma ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tiyamike ta wanke kayan da ba su yi datti ba, ta sake wanke su. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Da na matsa, sai ta zauna a kan turmi ta yi bayani kamar tana karanta wa yaro.

Wai duk wanda ya buɗe kabad ɗin sai ya rubuta sunansa, kuma sunanta yana nan, tunda aikinta ne kafin a cire ta. Wannan ya nuna ta gani. Babu abin da zai nuna ba ta faɗa ba. In aka ɗora mata laifin, babu ofishin lauyan da zai ƙara ɗaukarta, ko a Lilongwe, babban birni. Su ma ofishin hukuma za ta iya cin su tara.

Na ce duk wannan a kan addu'a?

Ta ce, "Mama, mutum yana tuɓe wa likita riga ne don ba yadda zai yi. Mu kuma a hannunmu rigar take. In muka shanya ta a bakin titi, wa zai ƙara tuɓewa?"

Na tashi na shiga ɗaki. Ba a amsa wa yaro kowace magana.

Talata, 27 ga Mayu

Na sa kayan coci na je ofishin. Ban gaya wa kowa ba.

Yarinyar da ke bakin ƙofa tana ganina ta kife takardun gabanta, kamar ɓarauniya ce ta shigo. A lungu akwai wani inji da ke yayyanka takarda kamar taliya. Asarar takarda, da an ba masu gyaɗa su ƙunshe.

Lauya Kalua ba ta kai ni shekaru ba, amma ta ba ni kujera, ta kira ni Mama. Na ce a kan maganar Ulemu na zo. Ta ce, "Mama, ba zan ce miki muna da wata Ulemu ba, ba zan ce ba mu da ita ba. Amma in kina da abin faɗa a kan Tiyamike, ina ji."

Na ce mata 'yata mai taurin kai ce, na tambaye ta ta hana ni, har ta zo nan ta kai ƙarata. Na ce daga ɗingishi na yi lissafina, da bakina na yi addu'ata, ba wanda ya ba ni komai. Ta rubuta, ta karanta mini, na sa hannu. Sa hannun ya ɗan karkace. Sanyin ofis ɗin ne.

Ta ce wannan zai taimaka, amma mai ƙorafi ne zai ce ya gamsu. Na ce ashe dai akwai mai ƙorafin. Ko murmushi ba ta yi ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Babba ba ya zuwa wajen yaro. Haka aka tarbiyyantar da ni.

Asabar, 31 ga Mayu

Na je. Dankali ya yi mini yawa a gona, na kai musu kada ya lalace.

Na sami Ulemu tana tsince wake, ta rame. Duk da ƙafar ta yi ƙoƙarin durƙusawa, na ce ta zauna. Na faɗa mata abin da na faɗa wa lauya. Ta ci gaba da tsince waken.

"Mama, na daina zuwa kasuwa. Cikina suke kallo kafin su gaishe ni." Sannan ta ce, "Da ni kika tambaya."

Na ce ba a yi wa yarinya irin wannan tambaya. Ta ce, "Amma ana yi mata addu'arta a gaban jama'a." A hankali ta faɗa, kanta a ƙasa. Ba zan kira shi rashin kunya ba.

Sai ta ture tiren gefe. "Limbani ya san duk abin da likita ya ce, tun muna asibiti. In kina so ki ji, zan faɗa miki yanzu."

Abin da na yi wata guda ina nema ke nan. Ba makulli, ba sa hannu. Na tuna da'irar nan tamu ta ranar Alhamis, da yadda nake jin nauyi a ƙirji in na san abu ban ajiye shi a tsakiya ba.

Na ce ta riƙe abinta, hadari ya haɗo, na bar shanya a waje.

Babu hadari.

Laraba, 4 ga Yuni

Ulemu ta kai kawunta ofishin, sun janye ƙorafin. Tiyamike za ta koma ranar Litinin, amma makullin yana hannun wata sai nan gaba. Ba ta ce laifina ne ba. Ta kawo mini shayi da yamma, sukari ya yi yawa, na shanye.

Talata, 17 ga Yuni

Na je asibiti karɓar maganin hawan jini. Na ga Nachisale ta fito daga wata ƙofa, idonta jajur, tana tura takarda cikin zani. Ba ta gan ni ba. Na juya na karanta sanarwar allurar yara har ta wuce.

Alhamis, 19 ga Yuni

Taro. Da aka zo kaina na ce, "Ubangiji, akwai wata 'yar'uwa, ka san ta, ka san abin da ke damunta." Sai da aka ɗan yi jim kafin a ce amin, suna jiran sauran.

Bayan an tashi Nachisale ta riƙo hannuna. "Ƙawata, wace ce? Yau kuma rowa kike mana?" Na ce Wanda na gaya wa bai tambaye ni suna ba. Ta dube ni, ta dube ni, ba ta saki hannun ba har muka kai bakin titi.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Har gobe 'ya ba ta ɓoye wa uwa magana, kuma zan faɗa wa Tiyamike haka. Gwiwata ce ba ta son doguwar addu'a yanzu.

Baiko yana nan a ranarsa. Zakaran ya yi ƙiba har ba ya iya hawa katanga. Ban sani ba ko zan goya jika, ban kuma tambaya ba.

Na so in rubuta wace ƙofa ce Nachisale ta fito. Amma littafin nan a ƙarƙashin matashi yake kwana, kuma ba shi da makulli.