Tikitin Madafa

Litinin, 24 ga Janairu 2011

Injin tikiti na madafa ya sake ƙin bugawa, sau huɗu yau. Ina danna abin da mutum ya nema a odinato, wato kwamfuta, nan kanta, can takarda ba ta fita. In cire wayar, in hura, in mayar. Wani lokaci ya yi, wani lokaci sai jar fitila. Dole muka koma kira ta taga kamar da. Gogo Talatu mai dafa mana abinci ta zuba wa jandarma biyu tuwo, alhali dafa-duka suka ce. Da na yi magana, wai ni ce ba na buɗe baki. Haka take yi mini tun ranar da Kawu Balarabe ya ɗora ni kan kanta a gidan abincinsa.

Talata, 25 ga Janairu

Kawu ya karɓi aikin ciyar da ma'aikatan zaɓe ranar Lahadi, in sun zo Gidan Rumji ɗaukar akwatunan ƙuri'a. Mutum tamanin, kowa da abin da zai nema, motocinsu kuma ba za su jira ba. Ya ce in Gogo ta ƙara rikita faranti, sallamarta zai yi ya ɗauko kuku daga Maraɗi. A raina dai, Allah ya sani, daɗi na ji.

Laraba, 26 ga Janairu

Na kira Yahuza, wanda ya haɗa mana na'urorin. Ba zai zo ba, yana bin 'yan kamfen da lasifika ƙauye-ƙauye har ƙarshen mako. Ya sa na karanta masa fitilun ɗaya bayan ɗaya, ya ce in canza wayar. Na sayo sabuwa. Ta yi aiki har azahar, sannan shiru. Kuran ma, wato wutar lantarki, ƙasa-ƙasa yake, fanka na juyawa kamar an tilasta ta.

Alhamis, 27 ga Janairu

Ba wayar ba ce. Ba takarda ba ce. Kaina kamar zai tsage.

Juma'a, 28 ga Janairu

Labo mai kai abinci ya saki babban tire a bayan Gogo. Kowa ya zabura, har na waje. Ita ko juyowa ba ta yi ba, tana ta yanka albasa. Na tsaya bayanta na kira ta sau uku. Sai da na taɓa kafaɗarta ta waiwayo, kuma bakina ta kalla, ba idona ba. Ta gane na gane.

Ta ja ni bayan itace. Tun zazzaɓin bara, in ji ta, kunnen dama ya mutu, na hagu saura kaɗan.

"Takardar nan ita ce kunnena, Fadila. Kada ki gaya ma kawunki."

Ba roƙo ta yi ba, umarni ne, kamar kullum. Shekara goma sha tara tana wannan madafar.

Asabar, 29 ga Janairu

Na bar wa Labo kanta, na ɗauki kujera na zauna gaban injin tun safe. Wajen hantsi na lura: duk sanda firiza ta tashi da gurnaninta, ƙwan fitila sai ya dushe, injin ya kawo ja. Na bi wayoyin da hannu. Ashe jona ɗaya suke! Mako biyu ke nan da aka matso da firizar nan don a ƙara tebura a waje.

Na kira Yahuza, ya ce shi ke nan, firiza ce ke janye kuran. In raba su, in jona injin a akwatin batir na odinato. Na jawo doguwar waya ta taga. Tikiti talatin na gwada, duk sun fita. Gogo tana karɓa tana jerawa.

Sai dai ya ce batirin minti goma sha biyar yake riƙewa in an ɗauke kuran.

Lahadi, 30 ga Janairu

Ma'aikatan zaɓen sun zo sha biyu da rabi, gaba ɗaya. Muna kan mutum na ashirin aka ɗauke kuran. Akwatin batir ya fara kukansa. Labo na ta jan igiyar janareto, ya ƙi tashi. Kawu ya zo ya tsaya ƙofar madafa. Kafin na arba'in komai ya mutu.

Na zare naɗin takardar daga injin, na koma kanta na kama biro. Ina yagewa, ina rubutawa da manyan baƙaƙe, ina miƙawa ta taga. Kawu ya ce wane irin ɓata lokaci ne wannan, in kira mana da baki. Na ce hayaniya ta yi yawa, kuskure za a yi.

Ya dube ni. Ya dubi Gogo da ta ba shi baya. Ya kira sunanta, a hankali, sau ɗaya. Ba ta juyo ba.

Sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo nan." Shi ya riƙa kai mata takardun da kansa, har janareto ya tashi wajen mutum na sittin.

Ko faranti ɗaya ba a maido ba.

Litinin, 31 ga Janairu

Mun rufe. Na jefa ƙuri'ata. Tawada har ƙarƙashin farce.

Laraba, 2 ga Fabrairu

Kawu bai sake zancen kukun Maraɗi ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Injin lafiya lau. Gogo ta ce rubutuna kamar tonon kaji, da kyar ta karanta. Ko sannu babu.

Yanzu in zan yi mata magana sai na zagaya ta hagunta na tsaya inda za ta ga bakina. Don aiki ya yi sauri ne. Yau ma a madafa na ci abincin rana, kwano ɗaya da ita. Kujerar kanta ce ke sa ni ciwon baya.