Ƙorafi Kan Tankin Da Aka Toshe Wa Numfashi

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Duba Lafiyar Motoci,
Ta hannun Babban Akawu.

Daga:
Tsohon mai gyaran agogo, wanda 'yan layi ke kira Baban Dogo,
Gida mai shuɗiyar ƙofa, daura da gidan burodi.

Talata, 28 ga Mayu, 2024.

Game da: Takardar shaidar lafiya da ofishinka ya bai wa wata mota a-kori-kura bayan an canza mata tankin mai da tiyo, da roƙon a janye takardar.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban-girma da fatan kana lafiya, ina neman afuwa kan rubutuna, domin a aji huɗu karatuna ya tsaya. Motar da nake ƙorafi a kanta ta ɗana ce, wanda ake ce wa Dogo. Fara ce, lambarta na jikin kwafin takardar da na haɗo. Da ita yake raba burodi shaguna, da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'ya uku da ni kaina. Saboda haka na san nauyin abin da nake nema. Ga bayanina daki-daki.

1. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, Dogo ya kai motar garejin da ke bayan tashar manyan motoci, wurin bakaniken da ake kira Sha-Yanzu, saboda tsohon tankin ya ci tsatsa yana tsiyaya ta gindi. Na bi shi, domin duk tsufana ban taɓa ganin cikin tanki ba. Da aka sauke shi aka girgiza, sai ga jar tsatsa kamar cikin kofi biyu, da cokalin shayi guda, fes kamar yau aka wanke shi. Ba wanda ya san ta inda ya shiga, ko shekara nawa ya yi yana yawo a cikin duhu. Wannan ba ya cikin ƙorafi. Na faɗa ne don a san ina wurin, kuma idona biyu.

2. Ranar Laraba, 8 ga wata, aka kawo wani tanki na hannu. Ba ni da ja a kan tankin. Amma babban tiyon da ke kai fetur daga bakin murfi zuwa tanki ya tsattsage, Sha-Yanzu ya buga waya kasuwa aka ce babu irinsa sai wani makon. Sai ya jawo tiyon ruwa na lagireton babbar mota daga cikin tarkace, ya yanke da wuƙa, ya shafa masa sabulu ya cusa, ya ɗaure da waya ninki uku saboda zoben ƙarfen bai kai ba. Akwai kuma wani ƙaramin tiyo mai kaurin ɗan yatsa, wanda ta nan tanki ke shaƙar iska yana fitarwa. Bakinsa bai dace da sabon tankin ba, sai ya cire shi, ya ɗura ƙarfe a ramin, ya liƙe da gam. Na tambaye shi cikin ladabi ko wanda ya ƙera motar a banza ya huda wannan rami. Ya ce tiyo dai tiyo ne, mota kuma ba agogo ba ce, shi bai taɓa ganin tanki mai hanci ba. Duk garejin aka tuntsure da dariya, har da ɗana. Tun ranar suka sa mini suna Injiniya.

3. Ranar Alhamis, 9 ga wata, da ƙarfe goma da kwata, muka shigo harabar ofishinka. Jami'in da ke bakin aiki, mai hular kwano da biro a bayan kunne, ya sa aka danna oda, aka kunna fitilu, aka taka birki, ya ɗaga tukunyar kashe gobara ya jijjiga, ya shuri taya biyu, ya buga hatimi. Minti goma sha ɗaya a agogona. Bai sunkuya ba. Na matsa na ce masa jiya-jiyan nan aka canza tanki. Ya amsa mini da cewa babu layin tanki a takardarsa. Ranka ya daɗe, a kusurwar harabar akwai ramin da aka gina domin a shiga a duba ƙarƙashin mota. Bishiyar gwanda ce ta tsiro a cikinsa, ta fi ni tsawo, har ta yi 'ya'ya bakwai. Na daɗe ina kallonta, kyakkyawa ce ƙwarai. Amma gwanda ba ta kai wannan girma a wata ɗaya.

4. Na tsinci guntun tiyon da Sha-Yanzu ya yanke ya yar. Ranar Juma'a, 10 ga wata, na saka shi a kwalba, na zuba fetur ya shanye shi, na rufe na ajiye a inuwa nesa da wuta. Kwana uku, fetur ɗin ya koma kalar shayi. Kwana shida, guntun ya kumbura har ya ƙi fita ta bakin da ya shiga. Ranar Lahadi, 19 ga wata, na taɓa shi da tsinke, tsinken ya nutse kamar a cikin jiƙaƙƙen sabulu. Ɗan'uwan wannan guntu shi ne ke ƙarƙashin motar ɗana, yana shan irin abin da wannan ya sha. Kwalbar tana nan ga duk jami'in da yake son gani.

5. Tun daga ranar Talata, 14 ga wata, motar ta fara nuna waɗansu halaye. In rana ta take aka buɗe murfin tanki, sai ta yi tsaki mai tsawo kamar kumurci, warin ya bugi fuskar mutum. In ta dawo da la'asar tana hucewa, sai a ji ƙwam daga ƙarƙashinta, sau ɗaya, kamar an doki gwangwani daga ciki. A gidan mai tana amayo fetur, har matar da ke zuba mai ta ce wa Dogo motarsa ta fi jariri gyatsa, ya riƙa zuwa wurin abokin aikinta. Kajin maƙwabciyarmu, waɗanda shekara huɗu ke nan inuwar motar ce ɗakinsu, sun ƙaura. Ƙasar wurin ta yi wani baƙin tabo, in an watsa ruwa sai launuka su taso a kai irin na bakan gizo, abin sha'awa, ban ɓoye ba.

Sai ɗigo. Idona ya yi rauni, amma shekara arba'in da ɗaya ina kara agogo a kunne. Na shimfiɗa murfin gwangwani a ƙasan tiyon na tsuguna da agogona. Ranar 20 ga wata, ɗigo ɗaya duk sakan hamsin. Ranar 24, duk sakan talatin. Jiya Litinin, sha tara. Yau da safe, sha huɗu. A sana'ata, agogon da ya fara gudu haka ba ya komawa daidai da kansa.

6. Kullum da ƙarfe shida na safe Dogo yakan shigar da motar da baya cikin gidan burodi a loda mata kaya. Tandar gidan ta itace ce. Daga bakinta zuwa gefen da tankin yake, na auna da ƙafata, taku biyar ne. A daidai lokacin ne ma'aikata ke jawo garwashi da dogon shebur su tara a ƙasa kafin gashi na biyu. Mutum tara ke aiki a wurin, ɗana na goma, kuma shi ke tsayawa a jikin motar yana karɓar faranti. Ranar Asabar da ta wuce na ga wani ɗan tartsatsi ya tashi, iska ta ɗauke shi a hankali, ya yi taku uku, ya mutu a sama. Ni kaɗai na bi shi da ido.

7. Kada a ce na tsallake na ƙasa na zo sama. Ranar Alhamis, 23 ga wata, na koma wurin Sha-Yanzu da kwalbata. Ya ce tiyon kirki ya iso, amma sauke tanki aikin kwana biyu ne, kuma mai mota ne zai ce a sauke, ba uban mai mota ba. Na je wurin mai gidan burodi, ya ba ni kujera da burodi mai zafi, ya ce kowace tsohuwar mota da warinta. Na zaunar da Dogo. Ya ce in ya sake ajiye mota kwana biyu, akwai mutum uku da ke jiran mai gidan burodi ya ba su hanyarsa ta rabon burodi, kuma da zarar an bayar ba ta dawowa. Da na matsa, sai ya fito da takardar ofishinka ya ɗora a gwiwata, ya ce: "Baba, ni hatimin hukuma ne a hannuna, kai kwalba ce a hannunka." Yaro ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba. Na miƙa masa takardarsa, domin ni na koya masa girmama hatimi. Jiya kuma na zo ofishinka, akawun ƙofa ya ce ba a karɓar ƙorafin baki, in je in rubuto.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ƙanƙan da kai: a turo jami'i ya sunkuya ya dubi tiyon nan da idonsa, a janye takardar ranar 9 ga Mayu, a hana motar hawa titi ko kusantar tanda har sai an saka tiyon fetur na gaskiya an buɗe wa tankin numfashinsa, a kuma binciki garejin Sha-Yanzu, domin na ga sauran wannan tiyo a rataye a bango, zai ishi mota biyu. Ba na neman a kori jami'in da ya buga hatimi, wataƙila shi ma mai iyali ne.

Dogo bai san na rubuta wannan takarda ba. Ranar da kuka tare motar zai sani, kuma mai yiwuwa ya rasa hanyar burodin, mai yiwuwa ya daina shigowa ɗakina gaisuwar safe. Na auna wannan, na yarda. Gara ya wuce ni a ƙofar gida bai yi magana ba, in dai da ƙafarsa ya wuce.

Na san ofis yana da takardu da yawa, kuma kowace sai ta jira layinta. Ba ni da ikon hana ɗana tuƙi, ba ni da ikon kashe tandar mutane. Amma daga gobe Laraba, kowace safiya da ƙarfe shida saura kwata, zan ɗauki kujerata da bokitin yashi in zauna a cikin takun nan biyar, tsakanin garwashi da tanki. Duk ranar da jami'inka ya samu zuwa, nan zai same ni. In kuma ya makara, ina roƙo a ajiye wannan takarda a wurin da ba za ta ɓata ba.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Baban Dogo,
tsohon mai gyaran agogo.

An haɗa da: kwafin takardar shaidar lafiyar mota ta ranar 9 ga Mayu, 2024.