Sunan Inna a Ƙauyensu

Lahadi, bayan isha'i, unguwar New Bell

Har yanzu gadon nan lilo yake da ni kamar ina cikin kwalekwale. Yau na je ƙauyen su Inna, wanda ta bari tun da ta auri Baba, ba ta koma ba har ta rasu. Muna tafe kan kogin Wuri ina ta tunani: in babu wanda ya tuna da ita fa?

Gidajen katako ne kan dirkoki, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe ko'ina. Na yi ta zagaye kamar a mafarki. Wata tsohuwa mai ɗinkin raga ta bi ni da kallo, ta ce da Faransanci, "'Yata, tsaya. Wannan irin tafiyar Ndome ce."

Na ce, "Mama, mahaifiyata Hajara sunanta."

"A wurinku ke nan. A nan Ndome ce, tare muka koyi iyo."

Ta riƙe fuskata da hannuwa masu ƙarnin kifi, ta tambaye ni ko ƙawarta na lafiya. Na ce tana gaishe ta.

Allah Ka yafe mini. Ranar Asabar zan koma in faɗa mata.